Gida Ko Ƙetare: Ina Matashin Likita Zai Koyi Aikin Ciwon Daji?

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa a wani ƙaramin asibitin karkara, ya dawo gida da magana ɗaya a bakinsa, wai shi likitan ciwon daji yake so ya zama. Ranar da ya zo gaishe ni, bayan an kwashe kwanuka, ya gyara zama ya ce, "Kawu, shawara nake nema. In nemi gurbi a nan gida ne, ko in bi sahun abokaina in rubuta jarrabawar Ingila?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Na daɗe ina aikin tiyata, ina cire ƙari ina tura marasa lafiya sashen gashi, inda ake haska ƙari da inji don a kashe shi, na ga yaran da suka tsaya na ga waɗanda suka tafi, amma irin wannan tambaya ba a amsa ta da loma a baki. Abin da na gaya masa daga baya shi na shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke kwana da wannan tunani ba.

Girman aikin kansa ya isa ya sa mutum ya nutsu. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna mutum kusan 128,000 ke kamuwa da cutar a Najeriya a shekara guda, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara, a wajen maza da ta bakin mahaifa a wajen mata. Likitocin da suka ƙware a gashi da kimo, wato ruwan maganin daji, a ƙasar nan ba su kai 100 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Saboda haka duk inda yaro ya koyo wannan aiki, in dai ya dawo da shi, ba zai zauna jiran maras lafiya ba. Tambayar ita ce wace hanya za ta mai da shi likitan da zai iya da marasa lafiyar da za su zo gabansa.

Hanyar gida sananniya ce ga duk wanda ya ratsa asibitin koyarwa. Bayan shekarar sanin makamar aiki da ta bautar ƙasa, sai a rubuta jarrabawar share fage, wadda likitoci ke ce wa Firamare. Kwalejoji biyu ke shirya ta ga mai son wannan fanni: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Wanda ya ci sai ya nemi gurbi a asibitin da kwalejojin suka amince ya horar. Ya yi shekarun ƙaramin mai neman ƙwarewa, ya ci jarrabawar mataki na ɗaya, ya hau matsayin babba, ya yi bincike ya rubuta kundi, ya kare shi a mataki na biyu, sannan a kira shi felo, wato cikakken ƙwararre. A takarda shekara biyar zuwa shida ne. A zahiri, faɗuwa jarrabawa sau ɗaya, ko yajin aiki, ko jiran a amince da taken bincike, kowanne na iya ƙara wa mutum shekara.

Akwai abu ɗaya da yara da yawa ba su lura da shi sai sun shiga. A nan gida likita ɗaya ne ke koyon gashi da kimo gaba ɗaya. Shi zai tsara hasken da za a haska wa ƙari, shi kuma zai rubuta ruwan maganin da za a ƙara wa maras lafiya. A Amurka an raba aikin biyu, mai gashi daban mai magani daban. Ingila ta tsaya tsakiya, tana da masu yin duka biyun tana kuma da masu magani zalla. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wanda zai ƙare a asibitin da shi kaɗai ne likitan daji a faɗin jiha. Wanda ya iya rabin aikin kawai, kullum sai ya nemi wanda zai tura wa ɗaya rabin, kuma sau da yawa babu shi.

Wuraren da aka daɗe ana wannan aiki an san su: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, sai Ibadan da Legas a kudu. A 2019 aka buɗe sabuwar cibiyar daji mai injinan zamani a asibitin koyarwa na Legas, a 2025 kuma aka ƙaddamar da sababbin cibiyoyi a Katsina da Inugu da Benin. An kuma kafa cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa a Abuja. Wato abin yana motsi, ko da tafiyar hawainiya ce.

Babban abin da gida ya fi ko'ina da shi shi ne marasa lafiyar kansu, da yadda suke zuwa. Bari in ba da misali da abin da na sha gani. Ranar da ake ganin masu ciwon mama, aka shigo da wata mata mai kimanin shekara arba'in, mijinta na gaba, mahaifiyarta na riƙe da ƙullin kayanta. Tun kafin ta yaye mayafi warin ya riga ya gaya mana labari. Ta naɗe ƙirjin da tsohon zani, a ƙarƙashinsa an shafe gyambon da wani baƙin gari. Shekara guda da rabi tana jin ƙullutun. Da aka tambaye ta me ya hana ta zuwa, tsohuwar ce ta amsa: "Ai likita, ce mana aka yi daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu." Sun je wajen mai magani uku, sun sayar da sa biyu. Da aka fita da ita za a ɗauki tsoka a kai gwaji, mijin ya dawo shi kaɗai, ya rage murya ya ce, "Don Allah likita, in shi ne, kada a faɗa mata. Ni za a gaya wa."

Yaron da ke koyon aiki a ranar ya tsaya da biro a hannu, don babu littafin da ya karanta da ya gaya masa yadda zai yi da wannan roƙo. Babban likitan da ke wurin bai yi wa mijin wa'azin haƙƙin maras lafiya ba, bai kuma yi masa alkawarin ɓoyewa ba. Cewa ya yi, "Malam, ita ke ɗauke da ciwon, ta fi mu sanin nauyinsa. Bari mu tambaye ta iya abin da take so ta ji, mu tsaya a nan." Da aka zo maganar gashi, matar ta firgita, ta ɗauka wuta za a sa mata. Ya ce mata, "Baiwar Allah, haske ne irin na hoton ƙashi, sai dai ya fi shi ƙarfi. Kwanciya kawai za ki yi, ba za ki ji komai ba, kafin a karanta Yasin kin tashi." Wannan zance na minti goma darasi ne da ba a samunsa a Landan, kuma shi ke raba maras lafiyar da za ta dawo mako mai zuwa da wadda za ta koma wajen mai magani na huɗu.

Ga kuma nau'in cututtukan. Yaron da ya yi horo a arewa zai ga sankarar mafitsara a jikin masunta da manoman fadama da suka yi fama da tsargiya tun suna yara, wadda a ƙarƙashin madubin likita ta bambanta da wadda taba sigari ke jawo wa Turawa. Zai ga sankarar hanta a jikin saurayi ɗan shekara talatin, wadda ciwon hanta nau'in B da gubar funfuna ta gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba suka haɗu suka haifar. Zai ga yara da kumburin muƙamuƙi irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Zai ga sankarar bakin mahaifa da ta riga ta toshe hanyar fitsari, ya koyi duba ƙoda kafin ya kuskura ya rubuta cisplatin, wani maganin kimo mai taɓa ƙoda. Zai kuma koyi lissafin da ba a koyarwa a aji: wannan magani ya fi, amma iyalin nan zagaye biyu kawai za su iya saya, wancan bai kai shi ba, amma za su iya kai shi ƙarshe. Likitan da bai iya wannan lissafi ba, takardar maganinsa za ta yi kyau a fayil, maras lafiya kuma ya ɓace bayan zuwa na biyu.

To amma kada in yi wa gida kwalliyar da ba ta da ita. Aikin gashi aikin inji ne, inji kuma a ƙasar nan sai addu'a. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Mai sankarar bakin mahaifa, misali, ana haska ta kamar sau 25, kwana biyar a mako har mako biyar, ana ƙara mata cisplatin kowane mako, sannan a yi mata gashin ciki, inda ake kai tushen hasken har jikin ƙarin. Ana so a gama komai cikin mako takwas, don kowace rana da aka ƙara tana rage damar warkewa. Na taɓa tura wata mata wani asibiti, aka fara mata lafiya lau, a rana ta goma sha ɗaya inji ya tsaya. Wani ƙarfe ne ya ƙone, sai an yi odarsa daga ƙetare, injiniyan da zai ɗaura shi ma daga wata ƙasa zai taso. Mako shida tana kwana a barandar asibiti da 'yarta suna jira. Ita ce ta fi kowa asara, wannan ba a magana. Amma yaran da ke koyon aiki a sashen su ma mako shida suka yi ba su tsara gashin mutum ko ɗaya ba, kuma hannu ba ya faɗawa da karatu.

Nan ne ya kamata mai neman gurbi ya san irin injin da zai koyi aiki a kansa. Tsohon injin kobal jarumi ne, ba ya neman wuta mai yawa, ba ya yawan shagwaɓa, sai dai ƙarfin sinadarin da ke cikinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, don haka gashin da ake yi a minti biyu ya koma huɗu, layi ya ƙara tsawo. Sabon inji, wanda ake ce wa linak, da lantarki yake haɗa haskensa, yana iya lanƙwasa shi ya bi siffar ƙari ya kauce wa zuciya ko laka ko jakar yawu. Amma yana son wuta tsayayya, da sanyi, da mai kula da shi kullum. Aikin likita a kan linak zane ne: a ɗauki hoton siti-sikan, ya zauna gaban kwamfuta yana bin hoton yanki-yanki, yana shata iyakar ƙari da iyakar gaɓoɓin da ba a so haske ya taɓa. Wanda bai yi wannan zane sau ɗaruruwa babba na duba masa ba, bai iya gashin zamani ba, komai yawan jarrabawar da ya ci.

Maganar kuɗi kuwa, mai neman ƙwarewa a asibitin tarayya ma'aikaci ne, albashinsa na tafiya, kuma dokar horar da su ta 2017 ta tanadi asusun da ke taimaka musu da kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai. Kowa dai ya san sau nawa ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki a kan a biya wannan kuɗi da sauran haƙƙoƙi. Wasu kuma gwamnatin jiharsu ke turo su, tana biyansu, bisa sharaɗin su dawo su yi mata aiki. Albashin ba ya sa mutum ya yi gini, amma yana ci da iyali, yana kusa da iyayensa, ba ya bin kowa bashin dala.

Ingila ita ce ke ɗaukar hankalin yara yanzu, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai hanyar ta fi yadda ake ba da labarinta tsawo. Sai ka ci jarrabawar Turanci, ka ci PLAB, jarrabawar ba likitoci baƙi izinin aiki, kashi biyu, hukumar likitocinsu ta yi maka rajista, ka samu aikin farko, wanda galibi ba gurbin horo ba ne, aikin cike giɓi ne a ɗakin marasa lafiya. Daga nan ka nemi horon likitancin ciki na shekara biyu, ka ci jarrabawarsa da ake kira MRCP, sannan ka shiga takarar gurbin daji. Mai gashi da kimo shekara biyar zai yi yana rubuta jarrabawar FRCR, mai magani zalla shekara huɗu. In aka haɗa da shekarun jira, abu ne mai sauƙi mutum ya kwashe shekara tara ko goma. Takarar ma ta yi zafi, har gwamnatinsu ta bayyana a 2025 cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatun likita a can wajen rabon guraben horo. Amurka ta fi haka tsauri: jarrabawar USMLE mataki-mataki da tsadarta, da neman biza, da rabon gurbi sau ɗaya a shekara. Mai magani zai yi shekara uku a likitancin ciki ya ƙara uku a daji, mai gashi biyar, kuma baƙo bai cika samun gurbin gashi ba.

Abin da ake samu a can, gaskiya, abu ne mai kyau. A asibiti irin Royal Marsden na Landan ko Christie na Manchesta, babu maras lafiyar da likita ɗaya ke yanke wa hukunci. Kowane mako ana zama, mai tiyata da mai gashi da mai karanta hoto da mai gwajin tsoka da nas, a ɗauki fayil ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwaji na fitowa cikin kwanaki, da bayanin ko ƙarin na jin maganin homon, ko yana da alamar HER2 da za a ba shi maganin trastuzumab. Yaro zai koyi tsari, da rubuta komai, da binciken sababbin magunguna, da yadda ake bin diddigin kuskure ba tare da an nemi wanda za a ɗora wa ba. Wannan na ƙarshe ni kaina ina kishinsa. Ga albashi da ke isa mutum ya riƙe gida biyu.

Matsalar tana wajen dawowa. A Ingila ana gayyatar mata daga shekara 50 su zo hoton mama duk bayan shekara uku, saboda haka sau da yawa ƙarin da yaro zai gani bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wani ma hannu ba ya jin sa. Ya saba rubuta magani ba tare da ya san farashinsa ba, don gwamnati ke biya. Ya saba da tawagar mutum goma a bayansa. Ranar da ya sauka gida ya tarar da matar nan mai tsohon zani, ilminsa na nan daram, amma rabin abin da ya dogara da shi babu. Wasu sukan jure su sake koyo, kuma irinsu sun gyara sassa da dama a ƙasar nan. Da yawa kuma bayan shekara goma 'ya'ya sun shiga makaranta, an ci bashin gida, dawowa ta zama zancen "in Allah ya kai mu baɗi". Ban ce sun yi laifi ba, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Ina dai so yaro ya sani tun yau cewa wanda ya zaɓi Ingila, sau da yawa wurin zama ya zaɓa, ba makaranta kaɗai ba.

Akwai hanya ta uku da ba a cika zancenta ba, ita kuwa na fi ganin ta dace da mu: ƙasashen da ke da injina da tsari, amma marasa lafiyarsu na kama da namu. Masar na da Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa ta Jami'ar Alƙahira, da asibitin yara masu daji da ake kira 57357, wanda aka buɗe a 2007 da kuɗin taimakon jama'a. Su ma sun sha fama da sankarar mafitsara ta dalilin tsargiyar kogin Nilu, don haka sun san ta ciki da bai. Karatu da Turanci ne, hira da maras lafiya da Larabcin Masar, wanda ɗan Islamiyya kan kama cikin 'yan watanni, sai dai kuɗin makaranta na baƙi da kuɗin waje ake biya. Indiya na da asibitin Tata Memorial a Mumbai tun 1941, inda cunkoson ya fi namu, talaucin marasa lafiya ya yi kama da namu, amma an iya tsara aiki yadda layi ke tafiya. Cikakken gurbi a can yana da wuya ga baƙo, horon wata uku ko shida ya fi samuwa. Afirka ta Kudu, a asibitoci irin Groote Schuur da Tygerberg na Kef Tawun, horon gashi shekara huɗu ne mai inganci ƙwarai, amma baƙo yakan shiga ne a matsayin ƙari a kan adadi, yana aiki ba albashi, dole wani ya ɗauki nauyinsa.

Duk wanda zai bi wannan hanya, akwai rami ɗaya da na ga ya cinye mutane. Ba kowace takarda ce ke mai da mutum babban likita a Najeriya ba. Digiri na biyu daga jami'ar waje abu ne daban, zama felo abu ne daban. Kafin ka sayar da fili ka biya kuɗin makaranta, je Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa ka tambaya ko za ta yi rajistar wannan shaida a matsayin ƙwarewa, ka kuma nemi amsar a rubuce. Na san wanda ya dawo bayan shekara huɗu da takarda mai hatimin zinariya, aka ce masa ya koma ya fara daga mataki na ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwanmu na Nijar nasu lissafin ya ɗan bambanta. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wadda ta taimaka har da horar da ma'aikata. Likitan da ya yi karatu da Faransanci ya fi samun sauƙin neman ƙwarewa a ƙasashe irin Maroko da Senegal, inda tsarin takardun ya yi daidai da nasu. Amma mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da yake shirin yi wa aiki su ne dai masu tsallako iyaka zuwa Katsina da Kano da Sakkwato neman magani, da harshe ɗaya da tsoro ɗaya na allura. 'Yan watanni a wani sashen daji na arewacin Najeriya ba za su zame masa asara ba.

Wani abin da ake mantawa wajen auna wurin horo shi ne mutanen da ba likitoci ba. Likita ya zana inda yake so haske ya sauka, amma masanin fiziks na asibiti ne ke lissafa yawansa, yana auna injin don kada ya ba da fiye ko ƙasa da abin da aka rubuta. Mai sarrafa inji ne ke kwantar da maras lafiya daidai yadda aka kwantar da shi jiya, ba kuskuren ko rabin yatsa. Nas ce ke neman jijiya a hannun da kimo ya ƙone, ita ke lura da zazzaɓin da zai iya kashe mutum cikin dare idan ƙwayoyin jininsa sun faɗi. Likitan gwajin tsoka kuwa, in bai faɗi sunan ƙarin ba, kowa lalube yake yi. Sashen da ke da linak sabo fil amma masanin fiziks ɗaya ne, ranar da ya tafi jana'iza aiki ya tsaya. Ga matasan da ba su samu gurbin likitanci ba, waɗannan fannoni ƙofa ce a buɗe: ana karanta aikin hoto da sarrafa injinan haske a Jami'ar Bayero da ta Sakkwato da ta Maiduguri, kuma hannun da ake nema a nan shi ma yana ƙaranci.

Haka kuma, tunda mafi yawan masu zuwa mana sun makara, rabin aikin likitan daji a nan rage raɗaɗi ne. Wanda bai iya ba da ruwan mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ta baki ba, bai san yadda ake ƙara shi a hankali ba, yana tsoronsa kamar yadda dangin maras lafiya ke tsoronsa, zai bar mutane suna kwana suna ihu alhali maganin na da araha. Wannan fanni Yuganda ce malamarsa a nahiyar nan, tun da Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe a Kampala a 1993. Kwas na 'yan makonni a can ya fi wasu tarurrukan Turai amfani ga wanda zai yi aiki a Gusau ko Azare.

Da ɗan yayata ya dawo bayan kwana biyun, na ce masa ga yadda na auna. In burinsa ya zauna a waje ne, ya faɗa wa kansa gaskiya, ya tafi Ingila tun yana da ƙuruciyar jure jarrabawa, kada ya ɓata shekara uku a nan yana raba hankali. In bincike ne ke ransa, irin na ɗakin gwaji da ƙirƙiro magani, nan ma waje ya fi, don ba mu da kayan. Amma in mutanen da ya gani a asibitin karkarar nan ne suka sa masa wannan sha'awa, to ya kafa tushensa a gida, ya ci mataki na ɗaya, sannan ya nemi wata shida ko shekara a Mumbai ko Alƙahira ko Kef Tawun, ya je da abu ɗaya takamaimai da yake so ya koyo, zanen gashin kai da wuya ne ko gashin ciki, ya dawo ya ƙarasa. Hukumar nukiliya ta duniya da ƙungiyoyin likitocin daji na waje sukan ɗauki nauyin irin wannan gajeren horo, kuma sun fi son wanda ke da sashen da zai koma.

Na kuma hana shi cika fom ɗin kowane asibiti kafin ya taka ƙafarsa can. Na ce ya je ranar da ake ganin marasa lafiya, ya zauna a benci kamar ɗan rakiya, sannan ya ja ɗaya daga cikin masu neman ƙwarewar gefe, ba shugaban sashe ba, ya saya masa lemo ya tambaye shi: wata nawa inji ya yi aiki bara? Akwai gashin ciki, ko sai an tura mata wani gari? Manyan likitoci nawa ne ke zuwa da kansu, ba waɗanda sunansu ke jikin allo kawai ba? Amincewar kwaleji cikakkiya ce ko rabi, in rabi ce ina ake tura mutum ya cike, wa ke biyan kuɗin zamansa a can? Mutum nawa suka zama felo a shekara biyar da suka wuce, kuma ina suke yanzu?

Ya rubuta tambayoyin a bayan wata takardar magani da ya zaro daga aljihu. Ya ce, "Kawu, in suka ce inji ya yi wata huɗu a tsaye fa?" Na ce ya tambayi abin da suka yi da marasa lafiyarsu a wata huɗun, da abin da suka yi da kansu. Ranar Litinin ya hau motar Zariya, ya ce daga can zai wuce Sakkwato.